Ranar da Na Durƙusar da 'Yan Bayan Roni

Ni dai ban iya ƙwallo ba. Gara in faɗa da bakina kafin 'yan unguwarmu su riga ni. Shekara biyu ina cikin kulob ɗin unguwarmu a Kazaure, amma in aka tara duk mintunan da na buga, ba za su isa a dafa taliya ba. Abin da na iya shi ne waya. Ni ke ɗaukar bidiyon wasa, ni ke yankawa, ni ke ɗora kiɗa, ni ke watsawa a guruf tun kafin 'yan wasa su gama cire takalma. Ko a kwaleji, malami na juya baya zai rubuta a allo, na gama sitatus biyu. Shi ya sa Koci ya bar ni da jesi da wuri a benci. Bencin ma dutse ne, amma dai nawa ne.

Kocinmu mai walda ne a bakin tasha. Kullum da baƙin tabarau, ko masallaci zai shiga sai an tuna masa. Ɗan gabanmu kuwa Lamba Tara muke ce masa, don ko rigarsa mai lamba tara ba ta bushe ba ita zai sa. Dogo ne siriri kamar ni. Daga nesa ba ka bambanta mu, sai in ƙwallo ta zo.

Wata rana muna wasa da 'yan Babura, Lamba Tara ya ci wata ƙwallo da har yau ake maganarta a teburin mai shayi. Daga sama ta zo, bai bari ta taɓa ƙasa ba, ya narka ta a kusurwa. Ni ina can nesa ina ɗauka, hoton duk ya yi dishi-dishi. Da na zo yankawa sai na ga wani ya ɗauke ni da wata wayar ina gudu ina ihu ina dukan ƙirji. To kun san shaiɗan ba ya aiki sai ya ga mai data. Na haɗa biyun. Dogo siriri ya narka ƙwallo, sai ga fuskata ta cika waya ina dukan ƙirji. Ban rubuta ni na ci ba, wallahi ban rubuta ba. Hoton wuta kawai na sa guda uku.

Don 'yan ajinmu na yi, su da ba sa zuwa fili. Na toshe 'yan kulob kaf don kada su gani. Abin da na manta shi ne dangin mahaifiyata na Roni.

Kafin la'asar kawuna ya kira. Bayan shi matarsa. Can sai ga saƙon murya daga wayar kawu, na buɗe, muryar Hajiya Kaka ce, mahaifiyar mahaifiyata.

"Maigidan Kazaure! Ashe haka kake ban sani ba? An nuna min. To ni dai na gaya wa kowa, na Ronin nan sakinsa zan yi, na samu miji."

Na Roni shi ne taubashina, ɗan kawun nan, wanda ke tsaron baya a kulob ɗin garinsu. Tun muna yara ni da shi kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma Hajiya Kaka ce ke hura wutar. Yau ta ce ni ne mijin, gobe ta ce shi.

Da na yi hankali da a ranar na ce kuskure ne. Amma yabo akwai daɗi, jama'a. Sai na tono tsofaffin ƙwallayen Lamba Tara na ƙara wani bidiyon. Bayan sati na ƙara wani. Na buɗe wa Roni tasha tata ta musamman, inda nake cin ƙwallo duk Asabar.

Shi kuwa mai ƙwallon na gaskiya, tun daga ranar Babura abu ya lalace masa. Duk inda ya bi a unguwa sai an tare shi. Mai shayi ya ce yau guda uku muke so. 'Yan acaba su yi masa hon su ɗaga yatsu biyu. Har limamin unguwa sai da ya ce masa ana jin labari. Yaron nan ya shiga fili kamar an ɗaura masa buhun gero a kowace ƙafa. Ga shi ga gola, sai ya tsaya tunani. Wasa biyar a jere bai ci ko ɗaya ba. Da muka je garin Gwiwa ma, raga ba kowa ya buga ta sama, har ta faɗa gonar mutane. A mota da za mu dawo ya ce min, "Baba, da na ɗaga ƙafa sai in ji kamar duk Kazaure ta riƙe numfashi. Wallahi gara a zage ni."

Ni a lokacin ina da ƙwallo bakwai a Roni, shi ba shi da sabuwa ko ɗaya a Kazaure.

Sai ranar wata Laraba bayan tirenin Koci ya ce, "Asabar za mu Roni, wasan sada zumunci."

Nan take na fara neman hanyar zillewa. Na ce ina da gwaji a makaranta. Ya ce ranar Asabar? Na ce kaina na ciwo. Ya ce ai ba da kai kake ɗaukar bidiyo ba. A daren Juma'a na yi addu'ar ruwan sama kamar manomi, gari ya waye tas, ko gajimare babu.

Tun daga shigarmu Roni na san ta fashe. Motarmu na tsayawa a gefen filin firamare mutane suka yanyame ta suna leƙe ta taga. "Ina yake? Wanne ne jikan Hajiya?" Wani dattijo ya kama hannun Koci da hannu biyu ya ce, "Malam, Allah ya saka da yadda kake kula mana da yaron nan. Mun ga aiki."

Koci ya sauke tabarau zuwa kan hanci. Ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba sai ranar. Ya ce, "Zo nan."

Bayan mota muka zagaya. Na ba shi wayar, ya kalli bidiyo ɗaya, ya kalli na biyu. Na jira mari. Sai na ga kafaɗarsa na rawa. Dariya yake, har da riƙe ƙarfen mota.

"Kai ɗan banza ne. Wato duk garin nan sun ɗauka kai ne?"

"Koci don Allah ka ce na ji ciwo. Ka ɗaure min ƙafa da bandeji. Kakata ta gama gaya wa gari, in ta ga ina zaune a benci wallahi ba ni kaɗai zan ji kunya ba, har ita."

Ya juya yana kallon 'yan Roni da ke ɗumama jiki a can gefe. Dukkansu mu suke leƙe. Kocinsu na nuna ni da baki yana yi wa 'yan bayansa bayani.

Sai ya ce, "Za ka buga. Daga farko."

"Na'am?"

Ya ƙwalla wa Lamba Tara kira, ya ce ya cire jesinsa ya ba ni, shi ya sa sha huɗu. Lamba Tara ya kalle ni ya kalli Koci, aka nuna masa bidiyon. Ya ce, "Kai, ƙwallayena ne duka! Har da ta Babura?" Na ce baba yi haƙuri, aro na yi. Koci ya ce masa, "Yau ba wanda ya san ka a nan. Ba wanda ke jiran komai a wurinka. Je ka yi wasanka." Sannan ya juyo kaina ya ɗaga yatsa.

"Kai kuma doka ɗaya ce. Kada ka taɓa ƙwallon nan. In ta yi dama ka yi hagu. In ta biyo ka, ka gudu. Kana taɓa ta asirinmu ya tonu."

Na ba wani ɗan benci wayata ya riƙe min, na shiga fili da lamba tara a baya, ana tafi.

Mutum uku aka sa min. Uku! Ni da ko a wasan 'yan aji ba a taɓa sa min rabin mutum ba. Taubashina a gaba, wani gajere mai ƙirji a dama, wani mai tsagen fuska a baya yana huci a wuyana. Daga baya na ji abin da kocinsu ya ce musu: ko banɗaki na shiga su bi ni.

Taubashina ya ce, "Bawana, yau zan ga ƙaryar waya. Ka taɓa ta ka gani."

Na ce, "Yaro, ka bari in ɗumama tukuna. Kai dai ka kula da ƙugunka."

Wallahi a tsorace nake, amma baki bai san tsoro ba. Na shiga aiki. In nuna can da hannu kamar ina ba da umarni. In ruga kusurwa ba dalili, su ukun su biyo ni kamar 'yan rakiyar amarya. In tsaya cak in ɗaure igiyar takalmi, su tsaya a kaina suna jira. Sau ɗaya ƙwallo ta nufo ni gadan-gadan, na buɗe ƙafa ta wuce, tsoro ne tsagwaronsa. Sai na ji 'yan kallo sun ce "Kaaai!" Wani ya ce, "Ka ga gwaninta? Ko taɓawa bai yi ba!"

Can tsakiya kuwa wani ɗan sha huɗu da ba wanda ya damu da shi ya fara walwala. Ya yanke mutum, ya yi dariya. Ya buga ɗaya ta daki ƙarfe, ko a jikinsa, ba wanda ya yi tsaki don ba wanda ya sa rai. Rabon da in ga haƙoransa a fili tun ranar Babura. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci.

Duk wannan Hajiya Kaka ba ta zo ba. Har na fara murna ko ƙafarta ce ta motsa.

An dawo da kamar minti goma sai na hango ta. Filin nan ba katanga, hanyar mutane ma ta bayan raga ta bi. Ga ta nan tafe da sandarta da farin mayafi, ita da wata ƙawarta mai ɗauke da kujera 'yar tsugunno. Ita ba ruwanta da layin toka da aka zuba. Ta taka shi ta shigo cikin fili wajen kusurwa, ta dogara sanda, ta kare ido da hannu.

"Maigidan Kazaure! Wato ka shigo gari tun azahar ba ka zo ka gaishe ni ba?"

Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san ba a amsa wannan daga nesa. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna ne suka tafi da kansu. Na ruga na zube a gabanta.

'Yan rakiyata kuwa an ce ko banɗaki su bi ni. Suka biyo ni a guje har gabanta, suka yi cirko-cirko.

Abin da ban gaya muku ba, Hajiya Kaka ungozoma ce. Shekara da shekaru ita ke karɓar haihuwa a unguwarsu. Rabin kulob ɗin Roni ita ta yanke musu cibiya. Ta ɗago ta dubi gajeren nan ta ce, "Kai kuma ɗan gidan wa, tsaye kake a kaina kamar tela zai gwada ni? Ba kai ne ka zo duniya ta ƙafa ba ka wahalar da uwarka?"

Gajere ya zube. Mai tsage ya zube. Taubashina ya waiga ya kalli fili, ya kalle ta, shi ma ya durƙusa yana cizon leɓe. Har mai tuta da ke gefen, ganin kowa a ƙasa, ya sauke tutarsa ya rusuna.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya lau. Ya mahaifiyar taka? Ƙafar tata ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, Hajiya."

"Ya karatu? Kana dai cin abinci? Na ga ka ƙara tsawo ba ƙiba. Kai kuma mai tsage, an ce min babanka ya sayar da saniyar nan?"

"Eh Hajiya, ya sayar."

"Ai na gaya masa ya bari sai ta haihu."

Ni ina durƙushe ina leƙen fili ta ƙarƙashin hammata. Alƙali bai hura ba, don ƙwallo na can ana bugawa. Ɗan tsakiyarmu ya ɗago kai ya ga bayan Roni wayam, ya cilla ta gaba. Ba maganar satar gida, tunda 'yan baya uku na durƙushe a kan layin raga suna ba da labarin saniya. Ɗan sha huɗu ya karɓa shi kaɗai, ya tafi a hankali kamar mai zuwa sayen ƙosai, ya kwantar da gola, ya tura.

Fili ya kaure. Hajiya Kaka ta ce, "Me aka yi?"

Na ce, "Mun ci, Hajiya."

Ta rangaɗa guɗa. "Kun gani ko? Yana durƙushe ma ya ci! To da a ce ya miƙe fa?"

Rigima ta tashi. Kocin Roni ya shigo fili yana kumfar baki, wai a soke, ai gaisuwa ake. Alƙali ya ce shi a dokar da ya sani ba a hana gaisuwa ba, ba a kuma ce a tsaya a jira masu yi ba. Koci na can ya juya baya, kafaɗa na rawa. Aka lallaɓa Hajiya aka kai ta bayan layi, aka ajiye mata kujerarta.

Daga nan 'yan Roni suka fusata. Ba a jima ba suka rama da ka daga bugun kwana, ɗaya da ɗaya. Kuma abin da nake tsoro ya faru. Taubashina ya tsaya yana min wani irin kallo.

"Tsaya. Kai tun da aka fara ka taɓa ƙwallon nan kuwa?"

"Dabara ce, ba za ka gane ba."

"Dabarar uwar wa? Ku rabu da shi! Ku koma kan sha huɗun can, wannan fanko ne!"

Suka watse suka bar ni ni kaɗai a gefen dama, daidai gaban kujerar Hajiya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba. Saura 'yan mintuna. Kuma ɗan tsakiyarmu, Allah ya shirye shi, da ya ga an rufe kowa sai jesi ɗaya a buɗe, ya manta waye a ciki. Ya ɗago min ita ta sama.

Na ji Koci ya ce, "Wayyo, gudu!"

Na ji Hajiya ta ce, "Yauwa, ga ta nan maigida, nuna musu!"

Ita fa da gaske take. Ba zolaya a muryarta ko kaɗan, ta riga ta gama yarda. A Kazaure in ƙwallo ta nufo ni, tun tana sama ake fara dariya, ni ma in taya su, ta dake ni a gwiwa ta wuce. A nan kuwa ba wanda ya yi dariya. Sai na ga ban gudu ba. Na sa ƙirji, ta sauka, ta gangaro kan ƙafata ta kwanta luf kamar kyanwa. Ni kaina sai da na kalle ta na ce, ke, lafiya?

Abin da ya biyo baya ba zan yi muku ƙarya ba. Raga na nufa. Na rufe ido na narka da dukkan ƙarfina, ta goge gefen takalmi ta tafi can wani wuri da ban aike ta ba, ta ratsa tsakanin gajere da mai tsage, ta faɗa gaban ɗan sha huɗu. Bai yi tunani ba. Biyu da ɗaya.

'Yan Roni da kansu suka ce ba su taɓa ganin fasin irin wannan ba, mutum na kallon gabas ya ba da yamma.

Bayan an tashi muka je gidan kawu ni da Koci da Lamba Tara, don wannan karon in yi gaisuwar a inda ya dace. A zaure taubashina ya tare ni.

"Na gane ka. Bidiyon nan haɗi ne. Yau sai na faɗa a guruf ɗin gida."

Na ce, "Faɗa mana. Ka ce ku uku kuka wuni kuna gadin wanda bai iya ƙwallo ba, har kuka durƙusa aka ci ku. Ni zan ma taya ka turawa guruf ɗin kulob ɗinku."

Ya harare ni. Ya ce, "Allah ya isa, bawa." Na ce na yafe maka, bawa. Har yau bai faɗa ba.

A ɗakin Hajiya kuwa ƙaryar ta fara damuna. Ta sa an kawo mana fura, tana ta ba ƙawarta labarin wasan da suka kalla tare. Na matsa kusa na ce, "Hajiya, gaskiya fa ba ni na ci ba. Duka biyun wannan ne ya ci. Na wayar ma shi ne."

Ta dubi Lamba Tara sama da ƙasa. Ta ce, "Wannan ai yaronka ne, na ga lokacin da ka aika masa. Ni idona bai mutu ba. Mutum uku aka sa su tsare ka, shi wa ya tsare shi?"

"Hajiya ai abin da nake nufi..."

"Sha furarka. Babba ba ya faɗin aikinsa."

Ta sa aka kamo wata kaza ja, aka ɗaure ƙafafunta, ta miƙa min wai tukuicin maigida. Taubashina na bakin ƙofa yana kallo kamar ya haɗiyi tsakuwa.

A mota na ɗora wa Lamba Tara kazar a cinya na ce ga kuɗin hayar ƙwallayenka. Ya ce saura na Babura. Sai na tuna, na ce wa ɗan bencin nan ya ba ni wayata in ga yadda na kwantar da ƙwallon nan a ƙirji. Ya ce wace? Na ce bidiyon mana. Ya ce, "Ai cewa ka yi in riƙe maka."

Jama'a, riƙewa ya yi. Ƙwallo bakwai na ƙarya suna nan a wayata da kiɗa da komai, abu ɗaya da na taɓa yi da gaske a fili ko hotonsa babu. Na ba da labari a teburin mai shayi, aka ce in kawo shaida, ni da kowa ya san sana'ata.

Tun daga ranar ba na fashin tirenin. Kullum sai na sa an ɗago min ita ta sama, na ba Koci wayar ya ɗauka. Ya zuwa yanzu muna da bidiyo goma sha ɗaya na ƙwallo tana dukana a haɓa, da guda ɗaya da nake ganin na kwantar da ita, amma babban yatsan Koci ya rufe rabin hoton.